Daga Wuri Zuwa Waya: Tarihin Kuɗi a Kasuwannin Gabashin Sakkwato

Duk wanda ya bi tarihin ciniki a ƙasar Sakkwato zai tarar cewa sabon kuɗi birni yakan fara sauka, sa'an nan ya gangara ƙauye da rarrafe.

A zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837, da wuri ake saye da sayarwa, manyan fatake kuwa sukan yi musaya da gishiri da tufafi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 suka kawo anini da kwabo da sule, amma wuri ya daɗe yana yawo a kasuwannin ƙauye. Naira ta zo a 1973, wayar salula a 2001, ga shi yau ana biyan kuɗin kaya ta waya.

To, amma shin tafiyar ɗaya ce ko'ina? A'a. A cikin birnin Sakkwato akwai bankuna, ana kuma samun sabis. Shi kuwa manomin tafarnuwa a Wurno, da mai albasa a fadamun Goronyo, da mai gero a Rabah, dillali da tsabar kuɗi suka sani. Mai na'urar POS shi ne bankinsu, kowane ciri kuma da ladansa.

Abubuwa biyu sun fito da wannan bambanci fili. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, cinikin waya ya tsaya cik, na birni kuwa bai tsaya ba. A farkon 2023 kuma, da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi, ɗan birni ya koma tura kuɗi ta waya, manomin da ba shi da asusu ya karyar da kayansa ga mai tsaba a hannu.

Saboda haka kada mu yi saurin cewa mutanenmu gidadanci ya hana su. Wanda aka taɓa yanke wa layi ranar kasuwa ba ya cinikin biri a sama. Sai an samar da tsaro da sabis mai ɗorewa sa'an nan waya za ta sami amanar da dillali ya daɗe da samu.