Allo da Zuma a Ƙasar Sarkin Sudan

A zamanin da Umaru Nagwamatse, jikan Mujaddadi Shehu Usmanu, ya kafa daular Kwantagora, tarbiyyar ƙananan yara a garuruwan wannan ƙasa, har da Kasuwan Garba, a hannun alaramma take, wanda yakan fara wa almajiri da babbaƙu, sa'an nan farfaru, kafin a kai ga haddatu. Littafi mai hoto kuwa babu shi a lokacin, domin malamai suna ƙyamar zanen mai rai. Adon yaro duka yana ga zayyanar allonsa ranar sauka.

Amma fa zuma, wadda Suratun Nahli ta shaidi warakarta, ba ta yi nisa da karatu ba, gama idan walimar sauka ta ƙarato, sai iyaye mata su sayo ta daga masu ɗaura amya a kan itatuwa, su zaunar da 'yan mata suna murza alkaki, ana soyawa ana tsomawa, darasin da, a ganina, bai gaza na zaure ba.

Littattafai masu hotuna sai daga baya suka iso daga Zariya, musamman bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945.