Rukunin jini: wa zai ba wa, wa zai karɓa daga wa?

A ƙananan hukumomin Kankara, Faskari da Sabuwa, inda hare-haren 'yan bindiga suka daɗe suna jikkata jama'a, ledar jini ɗaya kan raba tsakanin rai da ajali. Mai raunin harsashi, mace mai zubar jini bayan haihuwa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini da mai ciwon sikila, duk buƙatarsu ɗaya ce. Idan aka rasa jinin da ya dace a kusa, sai a nufi Funtua, Katsina ko Zariya a kan hanyoyi masu haɗari.

A shekarar 1901 Karl Landsteiner, likita ɗan ƙasar Ostiriya, ya gano cewa jinin mutane ba iri ɗaya ba ne. Rukunan huɗu ne: A, B, AB da O. Kowanne kuma yana da alamar Rh, ko + ko −, wato iri takwas ke nan.

A wajen ƙarin jajayen ƙwayoyin jini, mai O yana ba kowane rukuni, amma O kaɗai yake karɓa. Mai A yana karɓar A da O. Mai B yana karɓar B da O. Mai AB yana karɓa daga kowa, amma AB kawai yake ba. Mai alamar + yana karɓar + da −, mai alamar − kuwa sai −. Shi ya sa ake neman O− a lokacin gaggawa, alhali masu alamar − ba su kai ɗaya cikin goma ba a Najeriya.

Idan aka saɓa wannan ƙa'ida, garkuwar jiki takan farfasa baƙin ƙwayoyin, ƙoda ta tsaya, har a rasa rai. Saboda haka ko jinin ɗan'uwa na ciki ɗaya sai an gwada shi da na majinyaci, an kuma tantance shi daga ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C da tunjere.

Rukunin jini dabam yake da gwajin AA, AS da SS da ake yi kafin aure. Mace mai alamar − da ta haifi jariri mai + tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72, domin kare cikin da zai biyo baya.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da jini, dokar 2017 kuma ta wajabta wa asibitoci kula da mai raunin harsashi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sai dai jini ba ya ajiyuwa sai a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6, wato sai da tsayayyiyar wutar lantarki. Lafiyayyen mutum mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya bayar da leda ɗaya, kimanin mililita 450, namiji duk bayan wata uku, mace duk bayan wata huɗu.