Fuskar Sarki a Daular Rum: Sassaƙa da Kankarewa

Tun kafin Rumawa su san mulkin sarki guda a kan daula, manyan gidajen birnin Rum sun ɗauki fuskar mamaci a matsayin kayan gado, daidai da gona da bayi. Masanin tarihi Polibiyus, mutumin Girka da ya zauna a birnin a ƙarni na 2 kafin miladiyya, ya bayyana cewa idan babban mutum ya rasu ana ajiye siffar fuskarsa cikin ƙaramin akwatin katako a zauren gida, kuma waɗannan fuskoki, da ake yi da kakin zuma, su ne Rumawa ke kira imagines. Ranar jana'izar wani ɗan gidan sai a fito da su duka, a ɗaura wa mutanen da suka yi kama da kakannin a tsayi da tafiya, a sa musu tufafin muƙaman da suka riƙe, su zauna a jere kan kujerun hauren giwa a dandalin birni yayin da ake ambaton ayyukan mamacin da na magabatansa. Gidan da bai taɓa fitar da mai muƙami ba, ba shi da abin fitarwa a wannan rana.

Masana da dama na danganta wannan al'ada da salon sassaƙa na ƙarshen zamanin jamhuriya, inda masassaƙi ke fito da tamoji da sanƙo da faɗawar kumatu a jikin marmara ba tare da rufa asiri ba, domin a wurin 'yan Majalisar Dattawa tsufa shaida ce ta gogewa da cancantar riƙe al'amuran jama'a. Agustus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin miladiyya zuwa ta 14 bayanta, ya juya wa wannan salo baya, ya ari santsin fuska irin na gumakan Girkawa. Ya mutu yana da shekara 75, amma siffofinsa da suka wanzu, waɗanda suka haura 200, ba sa nuna tsoho. An riƙa aika samfuri daga birnin Rum zuwa larduna ana kwaikwayo, kuma an kiyaye shi har ta kai masana a yau suna gane kan Agustus daga yadda gashi ya rabu a goshinsa kamar bakin awartaki. Mutum-mutuminsa da aka tono a Firima Forta a 1863, wanda ke gidan tarihi na Batikan, yana ɗauke da sulke da aka zana sarkin Fartiya ko wakilinsa yana mayar da tutocin yaƙin da Rumawa suka rasa a shekara ta 53 kafin miladiyya. Da sulhu aka karɓo tutocin, amma wanda ya kalli sulken zai ɗauka nasarar fagen fama ce.

Bayan faɗuwar Sarki Nero da yaƙin basasar shekara ta 69, sabon sarki Besfasiyan ya dawo da tamoji da sanƙo, domin ya nuna cewa shi soja ne mai tsimi wanda ba ruwansa da almubazzarancin Nero.

Tun da fuska ta zama makamin mulki, dole ta zama abin hari idan mulki ya juya. Majalisar Dattawa kan yanke hukuncin shafe ambaton sarkin da aka tsana, abin da marubutan baya suka laƙaba wa suna damnatio memoriae, ma'ana la'antar ambato, wanda ya ƙunshi goge suna daga rubuce-rubucen dutse da tumɓuke mutum-mutumi. Da yake marmara tana da tsada, sau da yawa ba a farfasa ta, sai masassaƙi ya rage fuskar ya fito da ta sabon sarki. Ta haka aka mayar da kawunan Nero na Besfasiyan, aka kuma mayar da fuskar Domishiyan, wanda aka kashe a shekara ta 96, ta Nerba, kuma irin wannan gyara yakan tona kansa, domin kan yakan yi wa jiki ƙanƙanta, tsohon gyaran gashi kuma ya rage a ƙeya.

Misali mafi muni ya faru a gidan Sarki Saftimiyus Seberus, haifaffen Leftis Magna a ƙasar Libya ta yau. A ƙarshen shekara ta 211 ɗansa Karakala ya sa aka kashe ƙanensa Geta, sannan ya ba da umarnin shafe shi a faɗin daula, har aka sauya rubutun da ke kan babbar ƙofar nasarar da aka gina wa mahaifinsu a dandalin Rum a 203, inda ramukan ƙusoshin tsofaffin haruffan tagulla ke nuna abin da aka cire. Akwai kuma wani zagayayyen allon katako daga Masar, wanda yanzu ke gidan tarihi a Barlin, mai ɗauke da hoton Seberus da matarsa Juliya Domna da 'ya'yan nasu biyu cikin kayan sarauta. Fuskoki uku suna nan da launinsu, amma ta huɗu, wato ta Geta, an kankare ta, an bar wuya da kafaɗu da tufafin yaron a inda suke.