Da Ɗan Guzurina a Birnin Alƙahira

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Agege da Shagamu da Fatakwal, da duk inda neman abinci ya kai mu. Tun da na dawo daga Masar ake tare ni a ƙofar masallaci ana tambaya, wai nawa na kashe, kuma me na gani. Shi ya sa na ce bari yau in zauna in amsa gaba ɗaya, domin akwai abin da na gano a can wanda ya shafe mu kai tsaye.

Da farko dai, rakiya ce ta kai ni. Ɗan yayana ne ya sami gurbin karatu a Azhar, aka ce ni zan kai shi. Bayan kuɗin jirgi da na biza, abin da ya rage a aljihuna bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuma tun daga filin jirgi wani direban tasi ya gane baƙi ne mu, ya caje mu ninkin abin da ya kamata. Da a ce otal na nufa, da kwana uku ma ba zan yi ba. Abin da ya cece ni shi ne ɗalibanmu 'yan Najeriya da ke unguwar Madinatu Nasr. Wani yaro ɗan Barno da ban taɓa sani ba ya bar mini katifarsa, ya koma kan darduma har kwana tara. Da na matsa masa ya karɓi wani abu sai ya ce, "Haba Baba, ai mu ma haka aka karɓe mu."

Su ne suka koya mini zaman birnin da ɗan kuɗi. Da safe ful, wato dafaffen wake, da gurasar da suke kira aish; da rana koshari, wanda shinkafa ce da taliya da adas a kwano ɗaya. Zirga-zirga kuwa a bas ko jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne irinsa na farko a Afirka. Wuraren da ake sayen tikiti mai tsada na haƙura da mafi yawansu, na kama yawo da ƙafa a tsohon gari, inda masallatai ke buɗe ga duk wanda ya zo salla.

Mai karatu, shi birnin nan hawa-hawa aka gina shi. Amru ɗan Asi, sahabin da ya ci Masar, shi ya kafa Fusɗaɗ a 641, kuma masallacinsa na nan har yau. Ahmad ɗan Ɗulun ya gina nasa babban masallacin da aka kammala a 879. Sai a 969 Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, ya kafa Alƙahira kanta, aka fara ginin Azhar a 970, aka yi sallar farko a ciki a 972. Salahuddin Ayyubi ya soma ginin babbar ganuwar da ke kan dutse a 1176. Na tsaya a ƙofar gari da ake kira Babu Zuwaila, inda Turkawa suka rataye Ɗumanbay, sarkin Mamaluka na ƙarshe, a 1517. Duk waɗannan na karanta su a littafi tun ina yaro, ganinsu kawai na yi.

Abin da ban zata ba shi ne wani gini da ke kusa da Azhar, ana ce masa Wakalar Guri. Sarki Ƙansu Alguri ne ya gina shi a wajen 1504 domin fatake. Ka shiga ta ƙofa ɗaya babba, sai tsakar gida mai faɗi. A ƙasa ɗakunan ajiye kaya, a sama ɗakunan kwana. Baƙo ya sauke hajarsa, ya kwana, dillali ya nemo masa mai saye. Ina tsaye a tsakar gidan nan sai na ji kamar a gidan kakana nake a Sabo. Ai wannan shi ne aikin mai gida a cinikin shanu da goro: ya saukar da baƙo daga Arewa, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa idan an karɓi kaya bashi. A kan wannan tsari aka kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma a kansa zangunanmu na Gwanja suka tsaya tun kafin nan.

Da na ci gaba da tambaya sai na tarar mutanen ƙasarmu sun daɗe da sanin darajar masauki a wannan birni. A wajen shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibnu Rashiƙ kuɗi ya gina musu makaranta ta mazhabar Malikiyya a Fusɗaɗ, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka, kuma suka riƙa aiko da kuɗin kula da ita. A cikin Azhar kanta, a da an keɓe wa al'ummomi sashe-sashe da ake kira ruwaƙi, inda ɗalibai suka riƙa kwana suna samun gurasa daga wakafi. Akwai na Barnawa, akwai na mutanen Takruru. Ta wannan hanya ce ilimi ya riƙa zuwa mana, har Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ke nan yaron da ya bar mini katifa wata tsohuwar al'ada yake riƙe da ita, mai shekara kusan 800, ko ya sani ko bai sani ba.

Kada kuma wani ya ɗauka talaka kaɗai ke bukatar mai gida. Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, zamanin Sarki Nasiru Muhammad. Ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, 'yan kasuwar garin kuma suka yi ta tsuga wa mutanensa farashi. Da ya dawo daga Makka guzuri ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun fataken Masar kafin ya koma gida. Da na ji wannan sai na daina jin haushin direban tasina. Wanda ya fi ni ma an yi masa.

To 'yan uwa, ga inda zancen ya dawo kanmu. Lokacin da nake yaro, a gidanmu akwai ɗaki biyu na zaure da ba a ba kowa haya, na baƙi ne. Duk wanda motar Kano ko Sakkwato ta sauke shi da dare, ya san inda zai nufa. Yau ku duba layinmu: an fasa zaurukan an mai da su shaguna, magada sun raba gidaje sun sayar. Yaranmu da ke saukowa daga Arewa neman acaba ko dako ko gadi, a gindin gada da bakin kasuwa suke kwana, ba wanda ya san sunansu balle garinsu. Ranar da aka yi rigima, ko aka kama wani, sai a zo wurin Sarkin Hausawa a ce ya tsaya masa, alhali bai taɓa ganinsa ba. Sunanmu duka ke ɓaci, kuma mu da muka haihu a nan muka gina a nan, mu ke kwana cikin fargaba.

Na san za a ce zamani ya canza, haya ta yi tsada, kuma ba kowane baƙo ake yarda da shi ba yanzu. Gaskiya ne, ni ma ba na cewa kowa ya buɗe ɗakin iyalinsa. Amma mutanen Kanem ba ɗakin iyalinsu suka buɗe ba, kuɗi suka haɗa suka yi wakafi, suka ɗora wani amintacce a kai. Me zai hana kowace unguwar Hausawa ta yi haka? Ɗaki huɗu ko biyar a jikin masallacin Juma'a, da littafin da za a rubuta sunan baƙo da garinsa da wanda ya san shi, ya kwana bakwai kafin ya sami inda zai kama. 'Yan kara da 'yan goro da masu canji, idan suka so, wannan bai fi ƙarfinsu ba.

Ranar da zan taho na sayi tabarma da bargo na ajiye wa yaron nan a bayan ƙofa, don na san idan na miƙa masa ba zai karɓa ba. Na kuma ja kunnen ɗan yayana cewa duk ranar da wani ya sauka, shi ma ya koma kan darduma. Maganar masauki kuwa na riga na kai ta gaban limaminmu, ya ce a kawo ta taron bayan Juma'a. Duk wanda garinsu suka taɓa gwada irin wannan, don Allah ya sanar da mu yadda suka yi. Allah Ya sa mu dace, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.