Faifai Mai Fuska Biyu: 'Yan Matan Illighadad da Kunnenmu

A shekarar 2016 wani ƙaramin kamfanin waƙa na Amurka mai suna Sahel Sounds ya fitar da faifan farko na Les Filles de Illighadad, wato 'yan matan Illighadad, wani ƙauye da ke kusa da Abalak a jihar Tawa ta Nijar. Jagorarsu Fatou Seidi Ghali Ba'abziniya ce da ta koya wa kanta kiɗa da jitar yayanta. Mai kamfanin, Christopher Kirkley, shi ya je har ƙauyen ya naɗi waƙoƙin a fili, ba a situdiyo ba.

Faifan fuska biyu gare shi. A ta farko Fatou ce da jitarta da muryarta, a hankali kamar mai lallashin yaro. A ta biyu babu jita ko kaɗan, sai kiɗan tande mai tsawo, ita da Alamnou Akrouni da sauran mata suna amshi da tafi. Tande turmi ne da ake rufe bakinsa da fatar akuya, kuma tun kaka da kakanni kiɗan mata ne a wurin Abzinawa.

Hankalin masu sauraro a Turai da Amurka ya fi karkata ga fuskar farko. Jaridunsu sun yi ta maimaita cewa Fatou na cikin matan Abzinawa na farko da suka riƙi jita, domin tun da Tinariwen suka yi suna, maza aka sani da ita, irin su Bombino da Mdou Moctar. Sai dai wanda ya san tande zai lura cewa amon jitar Abzinawa yana bin sawun bugun turmin nan ne. Ashe Fatou ba kutse ta yi cikin gonar maza ba, kayan iyayenta mata ta bi ta karɓo. Faifansu na biyu, Eghass Malan, da ya fito a 2017, ya haɗa jitar lantarki da tande wuri guda.

Auna mace kafin a auna kiɗanta tsohuwar ɗabi'a ce, har a ƙasar da aka haifi kiɗan rok. Ƙungiyar Heart, wadda 'yan'uwa biyu Ann da Nancy Wilson ke jagoranta, ta fitar da faifanta na farko, Dreamboat Annie, a 1975. Da ya karɓu, sai kamfanin da ya buga shi ya saka wani talla mai zubar musu da mutunci a mujalla don jan kasuwa. Fushin wannan talla ne ya haifi waƙarsu Barracuda a 1977.

Mu fa, wane kunne muka ba namu? Kiɗan 'yan matan Illighadad ba baƙo ba ne a gare mu, domin suna kifa ƙwarya a kan ruwa su buga, kamar yadda iyayenmu mata ke yi a kiɗan ruwa da amada ranar biki ko suna. Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Choge ta Funtuwa duk sun jagoranci tawagar mata, sun cika gidajen biki da rediyo. Barmani ta rera A Kama Sana'a Mata, ta yi waƙa kan kishiya da haihuwa da jikin mace ba tare da rufa-rufa ba. Mata suka riƙe ta hannu bibbiyu, wasu kuma suka ce batsa ce. Har ta rasu a watan Maris na 2013, muhawararmu ta fi yawa a kan ko ya dace ta faɗi abin da ta faɗa. Ba mu cika tsayawa kan yadda take jera ƙore manya da ƙanana, kowace da amonta, ko yadda take ba 'yan amshi gaɓa ba.

Wannan sakaci yana da tsada. Wanda yake son faifan farko na Fatou zai same shi a intanet da shekararsa da sunayen masu kiɗa. Wanda yake neman waƙoƙin amada kuwa, sai ya je wurin masu tura waƙa a waya, a kasuwar Wudil ranar Juma'a ko a Kano, a zuba masa tarin waƙoƙi babu shekara, babu sunan makaɗiya ko 'yar amshi. Wasu ma an kwafo su ne daga kaset ɗin da ya sha rana har murya ta dusashe.

Da sauranmu dai, tunda wasu daga cikin matan da suka yi amshi a waɗannan tawagogi, da waɗanda suka yi rawa a gabansu, suna raye. Wayar da ke hannunmu ta isa ta naɗi bayaninsu, a rubuta suna da gari da shekara. Ɗaliban jami'ar Wudil da marubutanmu za su iya fara wannan aiki daga unguwanninsu, tun kafin tsofaffin su tafi da abin da suka sani.