Ruwan Bazara a Ƙasar Karaye da Rogo

Tun kafin a kammala madatsar Challawa a shekarar 1992, al'adar mutanen Karaye da Rogo, idan bazara ta tsananta, rijiyoyi suka janye har guga ya riƙa dawowa da laka, ita ce mata da yara su yi sammako zuwa gulbi, su tona yashi, su jira ruwa ya tsatso, sa'an nan su kwarfa da ƙoƙo cikin tulu. Uwargida takan kafa randa bisa jiƙaƙƙen yashi, ta ware na sha da na alwala. Malamai kuwa, Allah ya saka musu, suna karantar da hukuncin taimama, suna kwaɗaitar da mawadata haƙa rijiya, domin sadaka ce mai gudana.