Ire-iren wakilin suna a nahawun Turanci da inda suka saɓa wa Hausa

Wakilin suna kalma ce da ke tsayawa a madadin suna domin a kauce wa maimaita shi. Kalmomin wannan rukuni ba su da yawa a Turanci, kuma ba a cika samun sababbi a cikinsu ba, amma da wuya a rubuta layi biyu na wasiƙar ofis ko takardar ciniki ba tare da su ba. Kuskure ɗaya a cikinsu kan iya sauya wanda ya biya kuɗi da wanda aka biya. Akasarin tuntuɓen da mai jin Hausa ke yi yana faruwa ne a wuraren da tsarin harsunan biyu ya rabu. Masana nahawu sukan kasa wakilin suna na Turanci zuwa gida takwas.

Wakilin suna na mutum

Wannan shi ne ginshiƙin sauran, kuma sigarsa tana sauyawa gwargwadon aikinsa a cikin jimla. Idan shi ne aikau, wato mai yin aikin, ana amfani da “I, you, he, she, it, we, they”. Idan kuwa karɓau ne, wato wanda aikin ya faɗa kansa, sai ya koma “me, you, him, her, it, us, them”. Jimlar “She paid him” na nufin ta biya shi, “He paid her” kuma ya biya ta. Bayan kalmomi irin su “to”, “for” da “between”, sigar karɓau ce ke zuwa, shi ya sa “between you and me” ya zama daidai. Kalmar “I” kuwa da babban baƙi ake rubuta ta ko a ina ta faɗo.

Hausa ta bambanta kai, ke da ku, amma Turancin yau “you” kaɗai ya mallaka. Da can akwai “thou” ta mutum ɗaya, “you” kuma ta jam'i ce, wadda ake faɗa wa babba don girmamawa, kamar yadda wasu Hausawa ke ce wa dattijo “ku”. Sannu a hankali sigar girmamawar ta mamaye ko'ina, har “thou” ta fita daga daidaitaccen Turanci a wajejen ƙarni na 17. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa “you are” ko da mutum ɗaya ake magana.

Batun jinsi ma ya bambanta. A Hausa kowane suna tilo namiji ne ko mace: gida shi ne, mota ita ce. Turanci kuwa ya keɓe “he” da “she” ga mutane da dabbobin da aka san jinsinsu, sauran abubuwa duka “it” ne. Haka nan ana amfani da “it” a inda ba ta wakiltar komai, kamar “It is raining”, inda Bahaushe zai ce ana ruwa.

Wakilin suna na mallaka

Akwai sigogi biyu. “My, your, his, her, its, our, their” sai da suna a bayansu, kamar “my shop”. “Mine, yours, his, hers, ours, theirs” kuwa suna tsayuwa da ƙafarsu, daidai da nawa, naka da nasu. A Hausa ana duba jinsin abin da aka mallaka, a ce nawa ko tawa, amma Turanci mai abin kaɗai yake dubawa: gidanta da motarta duk “her” ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi da ke ɗaukar waƙafin sama. “Its” na mallaka ne, “it's” kuwa gajarta “it is” ko “it has” ce.

Mai komawa kan mai aiki

“Myself, yourself, himself, herself, itself, ourselves, yourselves, themselves” su ne kwatankwacin kaina, kanka da kansu. Ana kawo su idan mai aikin da wanda aka yi wa mutum ɗaya ne, ko don ƙarfafa magana, kamar “The minister himself signed”, wato minista da kansa ya sa hannu. A nan ne kaɗai “you” ke nuna adadi. Wasu marubuta wasiƙu sukan sa “myself” a gurbin “me” da zaton ya fi ladabi, alhali “Send it to me” ne daidai.

Na nuni

“This” da “these” na abin da ke kusa ne, “that” da “those” na nesa. Ba sa bambanta jinsi kamar wancan da waccan, amma wajibi ne su dace da adadi. Kalmar “goods”, wato kaya, jam'i ce, don haka “these goods” ake rubutawa, yayin da “information” ke tafiya da “this”.

Na tambaya

Su ne “who, whom, whose, which, what”. “Who” na aikau ne, “whom” na karɓau, ko da yake a maganar yau da kullum “who” ta kusa cinye gurbin ’yar'uwarta, sai dai a rubutun hukuma. “Which” tana zuwa ne idan zaɓin ƙayyadadde ne, kamar wanne a Hausa. “Whose” tana tambayar mai abu, kuma ba ɗaya take da “who's” ba.

Na dangantaka

“Who, whom, whose, which, that” suna haɗa bayani da sunan da ya gabata, kamar wanda, wadda da waɗanda. “Who” ta mutane ce, “which” ta abubuwa, “that” kuma tana aiki a duka biyun. A nan waƙafi yana da nauyin gaske. Sanarwar da ta ce “The traders who paid the levy will get stalls” na nufin waɗanda suka biya haraji ne kaɗai za su sami rumfa. Idan aka sa waƙafi kafin “who” da bayan “levy”, ma'anar ta koma cewa dukkan ’yan kasuwar sun biya kuma duk za su samu. Ba a amfani da “that” a irin wannan bayani mai waƙafi.

Marasa tantancewa

“Someone, anyone, everyone, nobody, something, each, many, few” suna nuni ga mutum ko abin da ba a fayyace ba. “Everyone” da “each” tilo ne, kamar kowa a Hausa, don haka “Everyone has paid” ake cewa. Matsalar ita ce wakilin da zai biyo baya idan ba a san jinsin mutumin ba. Wata dokar majalisar Birtaniya ta 1850 ta tanadi cewa sigar namiji a cikin dokoki ta haɗa har da mata, kuma tsarin mulkin Najeriya na 1999 da “he” yake ambaton shugaban ƙasa. Sai dai amfani da “they” ga mutum ɗaya ya daɗe a Turanci tun ƙarni na 14, kuma a yau ya karɓu a rubutu. Kamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya zaɓe ta kalmar shekara a 2019.

Turanci ba shi da kwatankwacin “an” da “aka” na Hausa. Mai son ya ce an biya kuɗin sai ya juya jimlar: “The money has been paid”. Idan ya rubuta “They have paid”, mai karatu zai tambaya: su wa?

Na juna

“Each other” da “one another” su ne juna. Akwai bambanci tsakanin “They blamed themselves”, sun zargi kansu, da “They blamed each other”, sun zargi juna.

Ƙa'idar da ta game duka

Kowane wakilin suna yana buƙatar suna guda da yake komawa gare shi ba tare da shakka ba. A jimlar “The contractor told the director that he had signed”, ba a san wanda ya sa hannu ba, ɗan kwangila ne ko darakta. A yarjejeniya, rasit ko rahoton taro, irin wannan ruɗani kan zama tushen jayayya. Duk inda mutum biyu masu jinsi ɗaya suka haɗu a jimla, maimaita sunan ya fi aminci.